Azumin Ashura da Ranar Kaffara ta Yahudawa: Ma'anar Azumi Bisa ga Shaidar Kalmomi da Zaman Manoman Kura da Bunkure

1. Gabatarwa

Ko wace shekara, idan watan Muharram ya kwana tara, a kan ga abu biyu a garuruwan ƙasar Kano waɗanda a ido su ke kamar ba su jituwa. Da rana dattawa da malamai da mata da yawa suna azumi, na Tasu'a ran tara ga wata, da na Ashura ran goma. Da dare kuwa sai a girka tuwo fiye da na kullum, a fito da abin da aka ajiye na naman layya, a ce kowa ya ci har ya ƙoshi. Sabo da wannan al'ada ne Hausawa su ke ce da watan nan watan Cika-ciki. Haka a ke yi a Kura da Bunkure da ƙauyukan da ke kewaye da su, kamar sauran ƙasar Hausa.

Da wuya a sami mai yin wannan azumi wanda bai taɓa jin malami ya ambaci Yahudawan Madina wajen bayanin asalinsa ba. Amma kaɗan ne suka san ko wace rana ce Yahudawan nan su ke azumta, da abin da su ke nufi da ita. Wannan takarda za ta bi sawun ranar, ta duba kalmomin da Hausa ta ara na sha'anin azumi, sa'an nan ta auna ma'anar da ta fito da zaman manoman rani. Abin da za a nuna shi ne, a wurin Musulmi da Yahudawa duka, azumi ba ya cika da yunwa da ƙishirwa kaɗai, sai mai yinsa ya komo ga Ubangijinsa, ya kuma mayar wa maƙwabcinsa hakkinsa.

2. Asalin Azumin Ashura

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo Madina, ya iske Yahudawa suna azumin ranar Ashura. Da aka tambaye su dalili, suka ce rana ce da Allah ya tsĩrar da Annabi Musa da Bani Isra'ila daga Fir'auna. Annabi ya nuna cewa Musulmi sun fi kusa da Musa, ya azumci ranar, ya umarta a azumce ta. An kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa Ƙuraishawa ma suna azumtar ta tun zamanin jahiliyya. Da aka farlanta azumin Ramalana a shekara ta 2 bayan Hijira, watau 624, sai na Ashura ya zama nafila. Kusa da ƙarshen rayuwarsa Annabi ya yi nufin haɗawa da ran tara, domin a bambanta da Yahudawa, kuma daga nan aka sami Tasu'a. Juyayin kisan Husaini a Karbala a 680, wanda 'yan Shi'a ke yi a wannan rana, daga baya ya zo, ba ya kuwa cikin abin da a ke magana a nan.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masana. Annabi ya isa Madina cikin watan Rabi'ul Awwal ne, wanda ya yi daidai da Satumba na 622, ba cikin Muharram ba. To, ƙaƙa ya iske ana azumin goma ga Muharram? Albiruni ya tattauna wannan tun wajen shekara ta 1000, cikin littafinsa na lissafin kwanakin al'ummai, ya kuma kawo maganar masu cewa Ashura ita ce goma ga watan Tishri na Yahudawa. Waɗansu malaman hadisi sun amsa cewa Annabi ya zauna Madina ne har Muharram ya zagayo, kãna ya ga azumin. Waɗansu masu lissafi kuwa sun nuna cewa goma ga Tishri na shekarar nan ta faɗo cikin kwanakin isowarsa. Ko wace amsa aka ɗauka, babban azumin da Attaura ta ɗora wa Yahudawa ran goma ga wata guda ɗaya ne, shi ne wanda su ke kira *Yom Kippur*, watau Ranar Kaffara.

3. Ranar Kaffara

An kafa wannan rana cikin Littafin Firistoci, na uku cikin littattafan Attaura, sura ta 16 da ta 23. An ajiye ta ran goma ga wata na bakwai, aka hana ko wane irin aiki a cikinta. Tsĩra daga Fir'auna kuwa, a wani idi dabam Yahudawa ke tunawa da ita, wajen Maris ko Afrilu. Abin da al'adarsu ta danganta da goma ga Tishri shi ne saukowar Annabi Musa daga dutse da alluna na biyu, bayan Allah ya gafarta wa jama'arsa bautar ɗan maraƙi. Ashe ta ko wace fuska ranar tana rataye da sunan Musa.

A zamanin da Haikalin Ƙudus ke tsaye, babban limaminsu ya kan shiga ɗaki mafi tsarki a wannan rana kaɗai cikin shekara. A kan kawo bunsuru biyu, a yanka ɗaya, a furta laifofin jama'a bisa kan ɗayan, a kore shi jeji. Da Rumawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70, yanka ya ƙare, nauyin ranar duka ya koma kan azumi da addu'a da tuba da sadaka.

Azumin ya kan fara gab da faɗuwar rana ran tara, ya ƙare bayan duhu ya shiga ran goma, wajen sa'a 25 ke nan ba ci ba sha. Littafin Mishna, wanda malamansu suka tattara wajen shekara ta 200, ya lissafa abin da aka hana: ci da sha, wanka, shafa mai, sa takalmi, da kusantar iyali. Mara lafiya wanda a ke jin tsoron ransa, wajibi ne a ciyar da shi. Da yawa su kan sa fararen tufafi, su wuni a majami'a suna furta laifofinsu da bakin jam'i, kowa yana ɗaukar laifin jama'a kamar nasa. In dare ya yi sai a busa ƙahon rago, a sha ruwa.

Abu biyu ne suka fi bayyana ma'anar ranar. Na farko, Mishna ta yanke cewa ranar tana kankare laifin da ke tsakanin mutum da Allah, amma wanda ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa ba ya goguwa sai an je an nemi yardar wanda aka cuta. Don haka cikin kwana goman da ke gabanta mutane su kan bi juna suna neman gafara, suna biyan abin da suka riƙe. Na biyu, karatun da aka zaɓa wa ranar. Da safe a kan karanta sura ta 58 ta littafin Ishaya, inda aka tsauta wa masu azumi suna sunkuyar da kai alhali suna matsa wa ma'aikatansu, aka nuna musu cewa azumin da Allah ke so shi ne a saki wanda aka danne, a ciyar da mai yunwa, a tufatar da huntu. Da la'asar kuma a karanta labarin Annabi Yunusa, wanda ya nuna cewa barin mugun aiki ne ya sa aka ɗauke wa mutanen Ninawa azaba, tare da azumin da suka yi.

4. Shaidar Kalmomi

Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya tabbatar tun wajen 1950 cewa Hausa da Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye dangi ɗaya ne. Amma kalmomin da za a duba a nan ba gadon wannan dangantaka ba ne. Aro ne daga Larabci bayan zuwan Musulunci, sai dai ko wace ɗaya tana da 'yar'uwa a Ibrananci, domin harsunan nan biyu tushensu na kusa ɗaya ne.

*Ashura.* Tushenta baƙaƙen da ke ba da ma'anar goma, waɗanda ke cikin *ushiri* da *ashirin*. Kalmar da Attaura ta yi amfani da ita ga ran goma ga wata ita ce *asor*.

*Azumi.* Larabci *saum*, Ibrananci *tsom*. Ma'anarta ta asali a Larabci kamewa ce daga ko wane abu, shi ya sa Alƙur'ani ya kira shirun Nana Maryamu da wannan suna. Akwai abin lura ga siffar kalmar. Harafin da ke farkon *saum* ya kan zama *s* a Hausa, kamar a *salla* da *sadaka* da *sabulu*. A *azumi* kuwa ya zama *z*, kuma haka ya ke a harsunan Barbar na Arewacin Afirka da na Buzaye, inda a ke cewa *uzum* ko *azum*. Wannan ya sa masana su ke ganin ta bakin mutanen Sahara kalmar ta iso, ba daga littafi ba, watau tana cikin tsofaffin kalmomin addini a Hausa. Buzaye kuwa ba baƙin Kura ba ne, gama su ne manyan masu sayen baƙin rawanin nan mai ƙyalli da a ke kira ɗan Kura.

*Kaffara.* Tushe ɗaya ne da *kippur*. Masana sun rabu biyu a kan ma'anarsa ta fari. Waɗansu sun ce rufewa ce, suna kafa hujja da Larabci, inda masu ƙamus suka ce har manomi a kan kira shi da suna daga wannan tushe domin yana rufe iri da ƙasa. Waɗansu sun ce gogewa ce, bisa ga yadda tushen ya ke a tsofaffin harsunan Iraƙi da Sham. Bahaushe ya riƙe duka biyu, yana roƙon Allah ya *rufa* masa asiri, yana kuma cewa azumin Ashura yana *kankare* zunubin shekarar da ta wuce, kamar yadda hadisin Muslim ya nuna.

*Tuba.* Larabci *tauba*, Ibrananci *teshuba*, duka daga tushe mai ma'anar komowa. Mai tuba kamar matafiyi ne wanda ya ɓace hanya ya juyo. Nadama a zuci kaɗai ba ta isa a kira ta komowa ba, sai ƙafa ta taka.

*Sadaka.* Ibrananci *tsedaka*, wadda ma'anarta ta fari adalci ce. A wurinsu abin da aka ba matalauci hakkinsa ne aka miƙa masa.

Wata kalma kuma ta Attaura ta cancanci a ambata. Inda aka kafa Ranar Kaffara ba a yi amfani da *tsom* ba, an yi umarni ne da a ƙasƙantar da *nefesh*, watau rai, 'yar'uwar *nafs* ta Larabci. Hausa ma ta san wannan bambanci da kalmominta na gida. Wanda ya bar ci da sha ba tare da azuminsa ya ƙullu ba, a kan ce *kame baki* ya yi. Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa azumi hawa uku cikin Ihya'u: kame ciki da farji, sa'an nan kame ido da kunne da harshe da hannu, sa'an nan kame zuciya daga kome in ba Allah ba.

5. Azumi a Bakin Ruwa

Shekarar Yahudawa ta wata ce, amma su kan ƙara wata guda sau 7 cikin ko wace shekara 19, don haka Ranar Kaffara ba ta fita daga Satumba ko Oktoba. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ba ƙari, tana ja da baya da wajen kwana 11 ko wace shekara, har ta zagaye damina da bazara da hunturu da kaka cikin shekara 33. Shi ya sa Ashura da Ranar Kaffara ba safai su ke haɗuwa ba. Sun faɗo kusan rana ɗaya cikin Oktoba na 2016, amma a 2024 Ashura ta zo cikin Yuli, Ranar Kaffara kuwa ran 12 ga Oktoba. Har wa yau, Bayahude ya kan ajiye aiki ranar azuminsa, Musulmi kuwa da azuminsa ya ke fita gona.

Wannan bambanci na biyu ya yi nauyi ƙwarai a Kura da Bunkure. A da, in azumi ya faɗo da rani, manomi ya riga ya kai amfaninsa rumbu. In ban da masu lambu a fadama da ke ban ruwa da jigo, sauran mutane sana'ar hannu su ke yi, ko fatauci, ko karatu, ko su tafi cin rani. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwan Kogin Kano ta babbar magudana, yana gangarowa da kansa zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta 22,000, aka kuma danƙa shi ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Tun daga nan rani ya zama lokacin alkama da tumatir da albasa da masara da shinkafa, hutun manomi ya ƙare.

A 1974 Ramalana ya kama cikin Satumba. A 1990 ya kama ƙarshen Maris, a 2000 ƙarshen Nuwamba, a 2007 ya komo Satumba, a 2023 kuma ran 23 ga Maris. Manomin da ya soma noman rani da ƙuruciya ya ɗanɗana azumi a ko wane yanayi, ya kuma yi shi zagaye biyu cikin bazara, lokacin yankan alkama, sa'ad da zafin ƙasar Kano ya kan kai awo 40. Yana tsaye cikin ruwa har idon sawu, yana buɗe wa fangali bayan fangali, hannunsa a jiƙe, maƙogwaronsa a bushe, ba kuwa mai ganinsa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A nan ne a ke gane abin da malamai ke nufi da cewa azumi asiri ne tsakanin bawa da Ubangijinsa, gama salla ana ganin mai yin ta, zakka ana ganin mai karɓa, amma tafi ɗaya na ruwan magudana ba ya barin shaida. Ba banza ba Bahaushe ya sa wa buɗa baki suna *shan ruwa*, ya ke gaida ɗan'uwansa da barka da shan ruwa, ko da kunu da ƙosai ya fara.

Shari'a ba ta nemi halakar kowa ba. Malaman Malikiyya sun yi bayani a kan mai girbi cewa ya kwana da niyya, ya fita da azuminsa, kada ya sha tun da safe don tsammanin wahala. In wahalar ta kai inda a ke tsoron cuta, ya sha, ya rama daga baya. Manoma da yawa su kan yi dabara, su fita daga sallar asuba, su gudu wa rana kafin azahar, su koma da yamma ko da dare.

6. Hakkin Maƙwabci

Noman damina kowa da rabonsa daga sama, ba mai iya tare wa wani hadari. Noman rani kuwa ruwan mutane da yawa ta magudana ɗaya ya ke bi, ya fara isa ga na kusa da baki kafin ya kai ga na can ƙarshe. In na gaba ya datse da laka ko buhun yashi ranar da ba tasa ba, ko ya ƙi fitowa yashe ciyawar da ta toshe hanya, tumatirin na ƙarshe ne zai yanƙwane. Ga kuma 'yan ƙwadago, maza da mata, masu dashe da tsinka da yanka da sussuka, waɗanda abincin shan ruwansu yana cikin ladar da za a biya su da yamma.

Mutum yana iya hana kansa tafi ɗaya na ruwa tun daga alfijir har faɗuwar rana, ya kuma hana maƙwabcinsa ruwan kadada guda cikin dare. Irin wannan ne sura ta 58 ta Ishaya ta tsauta wa, shi ne kuma hadisin Buhari ya nufa da ya nuna cewa Allah ba ya bukatar barin ci da sha daga wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba. Malaman Musulunci sun bayyana cewa kankarewar da aka alkawarta ga azumin Ashura ta ƙananan zunubai ce. Sun lissafa sharuɗɗan tuba: barin laifi, da nadama, da ƙudurin ba za a koma ba, in kuwa laifin ya shafi wani mutum, sai an mayar masa da hakkinsa ko ya yafe. Wannan sharaɗi na ƙarshe daidai ya ke da hukuncin Mishna da aka ambata. Hausawa sun taƙaita shi da cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi ya ke bi. Haka nan ba a rufe Ramalana sai da zakkar fid da kai, mudun Annabi huɗu na hatsi ga ko wane rai, a ba mabukaci kafin a hau idi.

7. Cika-ciki

Yanzu sai a koma ga tuwon daren Ashura. Mutane su kan ce wanda bai ƙoshi a daren nan ba, ba zai ƙoshi ba har shekara ta zagayo. Malamai su kan danganta al'adar da wata ruwaya ta yalwata wa iyali ranar Ashura, wadda masana hadisi suka yi saɓani a kan ingancinta. Cikin watan ne kuma taubasai da sauran abokan wasa su ke bin juna kuɗin shara. Su ma malaman Yahudawa sun mai da cin abinci ran tara ga Tishri aikin lada, har suka daidaita shi da azumin kansa. Kama ce kawai, kama kuwa ba ta isa hujjar aro ba. Abin da ta nuna shi ne, jama'un nan biyu ba su ɗauki abinci abin ƙyama ba. Ana barinsa ne na ƙayyadadden lokaci domin a san Wanda ya ba da shi, a kuma tuna da wanda bai samu ba, shi ya sa tuwon Cika-ciki ba a cin sa a ɓoye, sai an miƙa wa maƙwabta da almajirai.

Ga malamin da ke koyar da Hausa, amfanin wannan bayani a fili ya ke. In an zo darasin kalmomin aro, bai kamata a tsaya ga jera *azumi* da *kaffara* da *tuba* da *sadaka* a allo, a ce daga Larabci su ke, a wuce ba. Ko wace ɗaya tana ɗauke da ma'anar aiki: kamewa, da rufewa ko gogewa, da komowa, da adalci. Ɗalibin da ya fito daga Kura ko Bunkure ya riga ya ga ma'anonin nan huɗu a bakin magudanar gonar ubansa, aikin malami shi ne ya sa shi ya kawo misalinsu da bakinsa, sa'an nan a rubuta. Allah shi ne masani.